Shayi Ko Ruwa

"Baba ya ce musu a'a?"

Auta ce ta yi tambayar, tana tsaye a ɗan ɗakin bayan shagon mahaifinta da tire a hannu. Gwaggo, yayar Baba, ta gyara zama a kan kwalin wata tsohuwar amfilifaya, na'urar nan mai ba lasifika ƙarfin sauti, ta taɓe baki.

"A'a mai kyau ma kuwa. Baffannin saurayin naki sun zo neman aurenki da manyan riguna, sun koma da abinsu. To me? Kansa aka fara hana saurayi mata?"

"Gwaggo, me ya yi? A faɗa mini laifinsa guda ɗaya."

"Laifinsa talauci da tsaurin ido. Mutumin da kullum yake duƙe a akurkin shago yana shaƙar hayaƙin dalma? Har sunan ya bi shi, wai Mai Dalma! Ga ɗana nan, jininki ne, ga mota, ga kyau. Gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa?"

Auta ta dire tiren da ƙarfi har cokula suka yi tsalle. Ba yarinya ba ce, yayyenta duk suna gidajensu da 'ya'ya, ita ce ta tsaya wa Baba tun rasuwar Inna. Amma yau ji ta yi an mai da ita kamar kayan shago, ana ciniki a kanta tana tsaye.

"Ɗan naki da ko gaisuwa sai ya duba madubin mota tukuna?"

"Ke! Ni kike mayar wa magana? To bari ki ji, da yamma zai kawo wa kawunsa manyan kaya, su haɗa jari. In an gama wannan sai a yi taku. Ki wanke fuska, kin haɗe ta kamar an aiko miki da mutuwa."

Duk layin masu kayan sauti babu wanda bai san Baba ba. Mai Kunne ake ce masa. Sana'arsa sayen manyan lasifikoki na hannu, irin masu jikin katako da nauyin tsiya, waɗanda masu hali suka gaji da su, ko suka mutu magada suka fitar. Ya saya, ya nemo wa kowace amfilifayar da za ta iya janta, ya sayar wa masu son jin kiɗa a natse. Ba ya kwance kaya, ba ya taɓa mitar awon wuta. Kujera yake ja tsakiyar shago, ya sa faifan nan nasa guda da yake gwaji da shi, ya lumshe ido. In ya buɗe ya ce kaya lafiya, to ko a kotu ka rantse.

Abin da layin bai sani ba shi ne, kunnen ya daɗe da tafiya.

A hankali ya sulale. Siririn sauti ne ya fara ɓace masa, sannan ya koma sai an ɗaga murya. Wata rana aka kawo wasu lasifikoki, Auta tana ɗakin baya tana dafa masa shayi, ta ji sarai cewa tuwitar ɗaya ta mutu, wato ƙaramar sifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti. A ƙarƙashin teburin shagon nan ta girma, ba ta bukatar a koya mata. Ta leƙa ta ga Baba yana gyaɗa kai yana murmushi, zai saya. Ta rasa yadda za ta gyara wa Mai Kunne magana a gaban mutane, sai ta ajiye shayin, ta kai masa kofin ruwa.

Ya dubi kofin, ya dube ta. Ya kurɓa, ya ce wa mai kayan ya kwashe tarkacensa.

Tun daga ranar abin ya zauna. Shayi, kaya lafiyayyu ne. Ruwa, kaya masu ciwo. Uba da 'ya ba su taɓa yin maganar ba, ko da wasa.

Mutum ɗaya ne ya gano, shi ne Mai Dalma, mai gyaran amfilifaya a tsallaken titi. Yakan shigo ya kama wa Baba ɗaukar kaya, don ya samu ganin Auta. Yau da gobe ido ya lura. Rannan da Baba ya kurɓi ruwa ya kori wani dillali, sai ɗan banzan bakin Mai Dalma ya kasa haƙuri. Ya sunkuya dab da kunnen Baba yana 'yar dariya, ya ce, "Baba, kofin gidan nan ya fi mita aiki."

Wannan kam Baba ya ji ta. Daga ranar bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Gwaggo na fita, Auta ta ɗauki buta ta nufi famfon bayan shaguna. Can ta sami Mai Dalma yana jiranta, idanunsa jajur, rigarsa duk ƙunar dalma.

"Kin ji abin da aka yi wa baffannina?"

"Na ji. Ka gode wa bakinka."

"Bakina? Magana ɗaya na yi cikin raha!"

"Raha da asirin dattijo? Kai da kake gane ciwon amfilifaya daga warinta, ba ka gane abin da zai ƙona mutum ba?"

Ya juya mata baya, ya sake juyowa. "Wa na faɗa wa? Ko Innata ba ta sani ba. Ko a wuya aka sa mini wuƙa ba zan faɗa ba. Amma ki sani, cewa ya yi da baffannina wai ba kowace amfilifaya ke jan kowace lasifika ba. A gaban idona! Ni ne ƙaramar amfilifayar ke nan."

Ruwa ya cika butar yana zuba a ƙafarta ba ta kula ba.

"Auta, mafita ɗaya ce," ya ce, ya sassauta murya. "Ki daina kai kofin nan. Ki bar shi ya yi ciniki da kunnensa sau ɗaya. Zai gane da kansa."

Ta ɗago ta galla masa harara, hawaye na gangarowa. "In bar ubana ya zama abin dariyar layi don in yi aure? Wannan ce shawararka? Mutumin da ya goya ni a shagon nan, yana ciniki ina bayansa?"

"To ni in zama abin dariyar? Innata ta ce ta gaji, ga 'yar maƙwabciyarmu nan, in ba a ba ni ke ba in nemi waccan. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata ka gode! Ka je ka auri 'yar maƙwabciyar, Allah ya ba da zaman lafiya!"

"Haka kika ce?"

"Da Hausa na faɗa, kai ai kunnenka ƙalau yake."

Ta fizgi butar ta wuce. Sai da ta shiga ɗakin baya ta toshe baki da gefen mayafi ta yi kuka mai isarta. Haushinsa take ji, haushin Baba take ji, ta fi jin haushin kanta da har yanzu take leƙen shagonsa ta tsagar labule.

Da yamma ɗan Gwaggo ya iso, turarensa ya riga shi shigowa. 'Yan dako suka sauke wasu dogayen lasifikoki guda biyu, baƙin katako mai sheƙi, kowace ta kai ƙirjin mutum. Sunan kamfanin da ke jikinsu kaɗai ya sa maƙwabta suka bar shagunansu suka taru a bakin ƙofa. A bayansu aka shigo da amfilifaya sabuwa fil, fuskarta cike da fitilu shuɗi da ja.

"Kawu, yau na kawo maka abin da layin nan bai taɓa gani ba," in ji shi, yana kaɗa makullin mota. "Gidan wani hamshaƙi aka kwashe. Amfilifayar kuwa ni na zaɓo da kaina. Dubi haske!"

"Haske ake ji ko sauti?" wani maƙwabci ya jefo daga baya, aka yi dariya.

Baba bai ji ba. Da a ce wani ne ya kawo kayan, da sai ya ɗaga amfilifayar ya ji nauyinta, don kullum yana faɗa cewa mai ƙarfi ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Yau bai taɓa ta ba. Ya bar ɗan 'yar'uwarsa ya jona wayoyi, shi kuma ya ja kujera, ya sa faifai, ya lumshe ido. Gwaggo ta kame a gefe tana baza haƙora.

Kiɗa ya tashi, sautin ƙasa ya girgiza gilashin kanta. Masu kallo suka ce, "Kai!"

A ɗakin baya Auta ta runtse ido. Ta hagu tuwitarta a mace take murus. Ta dama tana raye, amma tana tsatsa duk lokacin da kiɗa ya hau, alamar amfilifayar ta gaza, tana nishi tana turo gurɓataccen sauti. Irin waɗannan lasifikokin cin wuta gare su. Ka haɗa su da mai rauni, ka murɗa, ita da kanta za ta ƙone su. Wataƙila ma haka aka kashe ta hagun, wajen gwaji a gidan Gwaggo.

Shayi na kan wuta yana tafasa. Ta dube shi. In ta kai shayi, Baba zai zuba jarinsa a mushe, ya sayar wa wani da sunansa, a dawo masa da kaya ana zagi. Sai ɗan Gwaggo ya kunyata, ita kuma ta huta. Zuciya ta ce mata, kai masa mana, ai shi ya jawo.

Ta ja tsaki, ta cika kofi da ruwa.

Da ta ajiye a gefensa, Baba ya buɗe ido ya dubi kofin. Ta ga yadda jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya ɗago ya zuba mata ido, ta karanta abin da ke ciki tsaf: wato saboda wancan yaron kike so ki tozarta ɗan'uwanki?

"Auta," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Shayi nake so. Koma ki kawo mini shayi."

Bai taɓa yin haka ba. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, baƙi a shago ki kawo wa mutum ruwa tsura? Haka za ki yi a gidan miji?"

Auta ta ɗauke kofin. Ta shiga ɗakin baya ta tsaya a gaban tukunyar shayin. Ƙarya yake so ta yi masa, kuma da bakinsa ya nema. Ta share hawaye da bayan hannu, ta zubar da ruwan, ta sake cika kofin da wani ruwan, ta fito ta dire shi a gabansa har ya fallatsa.

"Abin da ke akwai ke nan, Baba."

Ɗan Gwaggo ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Ƙyale ta, Kawu, ji wannan," ya murɗa amfilifayar har ƙarshe.

Baba ya miƙe a hankali. Bai dubi kowa ba. Ya taka zuwa teburin, ya ɗora tafin hannunsa a bayan amfilifayar, nan take ya fizge shi yana yarfewa. Zafi kamar dutsen guga. Ya zare wayar wuta, kiɗa ya mutu. Sannan ya sa hannu ɗaya ya ɗaga ta sama, ta taso masa kamar kwalin takalmi.

"Wannan ka haɗa da waɗannan?" ya ce a fusace. "Wannan abin wasan yara? Sau nawa ka ji ina cewa ƙaramar amfilifaya ita ke kashe babbar lasifika? Ka yunwatar da su, ka murɗa, ka ƙone su, sannan ka kawo mini gawa da turare!"

"Kawu, mai shagon ya ce ƙarfinta..."

"Mai shagon fitila ya sayar maka!"

Ya koma kujerarsa, ya ɗauki kofin ruwan ya shanye tas. Maƙwabta suka watse suna cewa Mai Kunne dai Mai Kunne ne. Ɗan Gwaggo ya fita ko sallama babu. Gwaggo ta tsaya a ƙofa ta nuna Auta da yatsa.

"Ke ce da baƙin ranki kika ɓata masa rai. Ba a gama ba, wallahi. Ina raye ba za ki tsallaka titin nan ba."

Da shagon ya rage su biyu, Auta ta durƙusa a gaban Baba ta ɗauki kofin. Ta ɗauka yau dai zai ce Allah ya yi miki albarka. Ta ɗauka zai ce a kira masa baffannin nan.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa da ya yi ja. Can ya ce, a hankali, "Kin gani ko? In kika tafi, wa zai kawo mini?"

Kofin ya kusa suɓuce mata.

"Me ka ce, Baba?"

"Ɗan Gwaggonki a nan zai zauna, shago ɗaya, gida ɗaya. Bai san komai ba, ba zai taɓa sani ba. Wancan kuwa ya sani. In ya ɗauke ki, ya ɗauke..." Ya kasa ƙarasawa.

Ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa yi masa magana a tsaye ba.

"Ashe ba talaucinsa ba ne. Ashe ba asalinsa ba ne. Ka zaɓa mini wanda ba ya lura, don kawai ba ya lura! Baba, ni 'yarka ce ko kunnenka?"

"Auta, ki iya bakinki."

"Na iya shi ai! Shekara nawa ina iya shi? Ƙawayena na goyo ina wanke kofi. Ban taɓa ƙorafi ba, don ina ganin rufin asirinka nawa ne. Yau ka ce in yi maka ƙarya a gaban mutane, na ƙi, na cece ka, kuma sakamakona shi ne a ɗaure ni a ɗakin baya har in tsufa?"

"Ni na haife ki!"

"Shi ya sa abin ya yi ciwo."

Kuka ya ƙwace mata. Baba ya kau da kai, leɓensa na motsi, amma bai janye ko kalma ɗaya ba. Ta jira, ta jira. Da ta ga ba shi da niyya, ta ɗauki tiren ta kife shi a kan tebur.

"Daga gobe babu shayi, babu ruwa. Allah ya huci zuciyarka."

Washegari da hantsi wani dillali ya sauke lasifikoki guda biyu, tsofaffi, katakon ya koɗe, gefen ɗaya ya ɗan ɓantare. Tare da su akwai wata baƙar amfilifaya mai nauyi, sai da mutum biyu suka kama ta. Maƙwabta, da daɗin jiya bai sake su ba, suka sake taruwa.

Baba ya ɗaga amfilifayar ya ji nauyinta, ya duba bayan lasifikokin, ya latsa robar da ke kewaye da babbar sifika da ɗan yatsa. Duk abin da hannu da ido za su iya ya yi. Saura abin da ba za su iya ba. Ya ja kujera, ya sa faifai, ya lumshe ido.

Auta tana zaune a ɗakin baya, murhu a kashe, hannayenta a matse tsakanin gwiwoyi. Tana ji. Kaya ne na gaske, sautin garau kamar ruwan sama a kan kwano, babu tsatsa, babu gardama. Irin wanda Baba ke cewa sau ɗaya ake samu a shekara.

Waƙa ta ƙare, ta biyu ta shiga. Baba ya buɗe ido ya saci kallon labule. Labule bai motsa ba.

"Mai Kunne, yaya?" in ji dillalin. "Akwai mai jira a ƙasan layi."

"Ka bari in ji da kyau."

Ta tsagar labulen ta hango gumi yana tsattsafo masa a wuya. Ta ga yatsunsa suna lalube a gefen tebur, inda kofi ya saba zama. Ta yunƙura za ta tashi, ta tuna maganar jiya, ta koma ta zauna tana cizon leɓe har ta ji gishirin jini.

Maƙwabta suka fara kallon juna. Wani ya yi tari.

Sai aka yi sallama.

Mai Dalma ne, ashe kiɗan ya kai har shagonsa. Ya ratso mutane da rigar aikinsa, bai dubi labule ba, bai dubi kowa ba. A hannunsa akwai kofin shagonsa mai ɓantararren baki, tururi na tashi. Ya durƙusa, ya ajiye shi daidai inda yatsun Baba ke lalube.

"Baba, na ga kamar yau ba a kunna wuta ba," ya ce. Ya miƙe ya ja baya, ya tsaya a cikin 'yan kallo kamar kowa.

Auta ta dafe baki. Shi da jiya ya ce ta daina kai kofi!

Baba ya ƙura wa shayin ido. Mutumin da ya kora ne, mai shago a tsallake, wanda in yana son ganin bayansa, yau ce ranar. In ƙarya ce a cikin kofin nan, sunan Mai Kunne ya ƙare a layin.

Ya ɗago ya dubi saurayin, kallo mai tsawo, mai zafi. Mai Dalma bai sunkuyar da kai ba, kuma bai yi murmushi ba.

Baba ya ɗauki kofin ya kurɓa. Ya yamutsa fuska.

"Sukari ya yi yawa," ya ce. "Gobe ka rage."

Ya shanye tas, ya juya ga dillalin ya ce a shigar masa da kayan ciki.